Rage wa kare da kyanwa tsoron asibiti: kundin aiki, Janairu zuwa Oktoba 2025

Litinin, 13 ga Janairu

An buɗe wannan kundi domin rubuta gyare-gyaren da muke yi a ƙaramin asibitin dabbobinmu a Kano. Abin da muke nema shi ne dabba ta shigo, a duba ta, ta fita ba tare da ƙarti uku sun danne ta ba, mai ita kuma ya ji zai iya dawo da ita idan lokacin rigakafi ya zagayo.

Tausayi na ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. Dabbar da ta firgita sakamakon ƙarya take ba likita. Zafin jikin kare ko kyanwa mai lafiya yana tsakanin 38 da 39.2 a ma'aunin Salsiyos, tsoro da kokawa kawai suna iya haura da shi sama da haka, a yi zaton zazzaɓi ne. Sukarin jinin kyanwa yana tashi cikin mintuna idan ta tsorata, har ya yi kama da na mai ciwon sukari. Jininta yana hawa. Kare mai ɗingishi a gida sai ya taka ƙafar daidai a gaban likita, cikin da ya ɗaure tamau kuma ba a jin komai a cikinsa da hannu. Ga cizo, wanda a ƙasar da ciwon haukan kare yake yawo ba ƙaramin al'amari ba ne.

Ba mu muka fara wannan tunani ba. A Amurka marigayiya Dakta Sophia Yin ta yi fice wajen koyar da riƙon dabba ba da ƙarfi ba, Dakta Marty Becker kuma ya kafa Fear Free, shirin rage wa dabbobi tsoron asibiti, a 2016. Sai dai tsarinsu an gina shi ne a kan mota mai na'urar sanyi da kejin roba na kanti. Mu kyanwa a buhu take zuwa mana a bayan babur, kare kuma da sarƙa a hannun maigadi. Dole a sake ɗinka tsarin daidai jikinmu.

Matakin farko: kowane katin dabba zai sami alamar launi. Kore, dabba ta saki jiki, tana karɓar abinci. Rawaya, kare yana lasar leɓe, yana hamma ba barci ba, yana kau da kai har farin idonsa ya fito, ya cusa bindi tsakanin ƙafafu. Kyanwa ta dunƙule, baƙin idonta ya faɗaɗa, kunnuwa sun juya gefe. Ja, gurnani, huci, sakin fitsari, ko sandarewa. Wannan na ƙarshe shi ne ke yaudarar sababbin ma'aikata. Karen da ya ƙame ƙam bai yarda ba ne, saura ƙiris ya kai cizo.

Litinin, 27 ga Janairu

Daɓe da ɗakin jira. Tayil santsi gare shi, karen da ƙafarsa ke zamewa kuma hankalinsa ba ya kwanciya. An shimfiɗa tabarmar roba mai faɗin mita ɗaya daga ƙofa zuwa ɗakin duba, an sa wata a kan sikeli, wata a kan teburin ƙarfe da tawul a bisanta. Duk karen da ya haura kilo 15 a ƙasa za a duba shi, an daina ɗaga shi kan tebur.

Kafinta ya raba ɗakin jira da filanki mai tsayin mita 1.2, yadda kare da kyanwa ba za su haɗa ido ba. A ɓangaren kyanwoyi an kafa kanta kimanin mita ɗaya daga ƙasa, a nan ake ɗora kwando, domin kyanwa ta fi natsuwa a sama. An matsar da janareta bayan gini, an liƙa roba a bakin ƙofar ƙarfe don ta daina bugawa. Kunnen kare da na kyanwa suna kama siririyar ƙara da namu ba ya ji sam, saboda haka abin da muke ɗauka shiru ne, a wurinsu ba lalle ba.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Nan ne babban aikin yake, domin rabin tsoron kyanwa a hanya ake ɗora mata shi tun kafin ta ga likita.

Buhu yana da illa uku. Ba ƙasa mai tauri da za ta kafa ƙafa, sai ta yi ta juyi a ciki. Iska ba ta shiga sosai, musamman buhun da ke da leda. Sannan wanda ya buɗe bakin buhu da farce yake fara gaisawa. Kwali ya ɗan fi, amma da ta yi fitsari gindinsa ya jiƙe ya ɓule, kyanwar da ta kuɓuce a tsakiyar titi kuwa da wuya a sake ganinta.

Abin da muka tsayar shi ne kwandon roba mai murfi da ramuka, irin wanda ake samu a kasuwa, tsawo kamar santimita 45, faɗi 30, zurfi 30. A ɗaure murfin da waya a gefe ɗaya ya zama kamar ƙyaure, ɗaya gefen a ɗaure da igiya mai sauƙin kwancewa a wuri biyu. Wuri ɗaya bai isa ba, kyanwa tana tura kai ta kusurwa ta fice. A shimfiɗa tsohon zane ko rigar da ta saba kwanciya a kai, kada a wanke, warin gida ake so. A lulluɓe kwandon da yadi marar kauri, a bar gefe ɗaya don iska. A rungume shi a ƙirji, hannu ɗaya a ƙasa, ba a riƙe shi da mariƙi yana lilo ba. A adaidaita sahu a ajiye shi a ƙasa tsakanin ƙafafu. Babur a guje shi in da hali.

Amfanin kwandon da ke buɗewa ta sama shi ne ba sai an fito da kyanwar ba. A cire murfi, a rufa mata tawul, a saurari ƙirji, a duba ido da baki, har allura a yi tana zaune a inda ta ga ta ɓuya. Zazzage ta kamar ana juye hatsi, ko jawo ta da ƙafa, an hana.

Kwandon da ba ya fitowa sai ranar asibiti, kyanwa tana gane shi, da ta gan shi sai ƙarƙashin gado. A bar shi a buɗe a ɗaki kullum, ana jefa ɗan kifi a ciki, har ya zama wurin barcinta. Mako biyu zuwa uku yakan isa ga mafi yawansu.

Mai karɓar waya yanzu ga abin da take faɗa: "Hajiya, don Allah kada a sa ta a buhu. Idan babu kwando a aiko yaro ya karɓi namu aro. A rage mata abincin safe, kada ta zo a ƙoshe. In kun iso ku tsaya a inuwa ku kira mu, mu za mu fito." Kwandunan aro ana wanke su a shanya a rana bayan kowane amfani.

Wanda duk da haka ya zo da buhu ba a yi masa faɗa. A shiga ɗaki, a rufe ƙofa da taga, a sa buhun cikin kwando, a naɗe bakinsa ƙasa a hankali ana rufawa da tawul, a ba ta minti biyar zuwa goma kafin a taɓa ta.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi ya kama, zafi kuma ya fara. An mayar da layin karnuka ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, kyanwoyi daga 10 zuwa azahar. Wannan rabon lokaci ya fi filankin da aka kafa amfani, tunda haushi ba ya tsayawa a bango.

Batun lada. Dafaffen naman kaza ko hanta, ba gishiri ba yaji, a yanka ƙanana kamar ƙwayar wake, a ba da ɗaya bayan ɗaya tun daga bakin ƙofa. Kyanwa kifin gwangwani a dame a shafa a faranti, lasa tana ɗaukar lokaci fiye da haɗiya, a cikin lokacin ne allura ke shiga. Kilishi da tsire da ragowar miya ba a ba su: albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare da kyanwa. Dabbar da za a yi wa aiki ko a sa barci, ko mai amai, ba a ba ta komai. Abincin kuma ma'auni ne a kansa. Dabbar da ke ci sannan ta ƙi, ta tashi daga kore zuwa rawaya, sai a dakata.

Masu karnuka da yawa ba sa son yawun kare ya taɓa jikinsu ko tufafinsu saboda salla, sai su tsaya nesa suna jan sarƙa, karen kuma ya ƙara rikicewa. Ba a yi wa kowa gardama a kan wannan. An tanadi dogon cokalin katako na miƙa nama, da rigar leda ta ɗorawa, da buta da sabulu a bakin ƙofa. Kuma muna roƙon a zo da wanda ke ba karen abinci kullum, ko maigadi ne ko yaron gida, domin muryarsa karen ya sani, ba ta mai biyan kuɗi ba.

Talata, 8 ga Afrilu

Zafin Kano a wannan wata yana haura 40. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Saboda haka ɗaure masa baki da bandeji ko tsumma, wanda shi ne aka saba, hatsari ne a yanzu: baki a rufe, tsoro na ƙara zafin jiki, da ya wuce 41 an shiga bugun zafi, wanda ke kashewa. Dokar da aka kafa ita ce bandeji a baki kada ya wuce minti biyu, kuma ba a yi wa kare mai gajeren hanci, ko mai amai, ko mai wahalar numfashi. Takunkumi mai kama da kwando shi ne daidai, domin kare yana haki a cikinsa, yana shan ruwa, ana miƙa masa nama ta ramukan. A shafa nama a can cikinsa, a bari karen ya tura hancinsa da kansa, sannan a ɗaura ta baya.

Karen da ya iso yana haki a ba shi ruwa da inuwa minti 10 zuwa 15 kafin a auna zafinsa. Wanda aka tako da shi a ƙasa a duba tafin ƙafa, kwalta tana ƙona shi. Kyanwa dabam ce: in ta buɗe baki tana haki, a daina komai nan take, a kira likita.

Litinin, 19 ga Mayu

Babbar Salla ta matso, raguna sun yi yawa. An kafa musu rumfa a waje ta ɗaya gefen gini, inda ba sa ganin kare. Tunkiya ko akuya idan aka raba ta da 'yan'uwanta hankalinta tashi yake, don haka mai iya zuwa da biyu ya zo da biyu. Ba a jan rago da ƙaho ko kunne. Hannu ɗaya a ƙarƙashin haɓa, ɗaya a gindin bindi, a jingina shi da bango. Masu kiwo kuma a faɗa musu kwanakin da ke rubuce a jikin kwalbar magani, waɗanda dole su cika bayan an ba dabba maganin kafin a yanka ta.

Litinin, 30 ga Yuni

An kammala horar da ma'aikata a kan riƙo. Kama kyanwa ta ƙeya a ɗaga an daina. Uwa tana yi wa jariranta haka a makonnin farko, amma babbar kyanwa da ta yi lamo a wannan riƙo tsoro ne ya sandarar da ita, kuma ziyara ta gaba da faɗa za ta fara. Madadinsa tawul mai kauri, kamar santimita 70 da 140. A rufe kanta da jikinta, a naɗo gefe ɗaya ta ƙarƙashin haɓa ya rufe ƙafafun gaba, a naɗo ɗayan, a fito da inda ake bukata kawai. Jini ana ɗiba a jijiyar cikin cinyar baya, kai yana ɓoye. Idan naɗin ya yi sako-sako ƙafar gaba tana fitowa ta wuya, idan ya matse ƙirji numfashi ya wahala. Yatsu biyu su iya shiga tsakanin tawul da wuya. Kowace kyanwa da nata tawul, wanda aka yi wa wata amfani da shi yana ɗauke da warin tsoronta.

Kare ba a tunkararsa gaba da gaba, ba a zura masa ido, ba a sunkuya a kansa. A tsuguna a gefe, a bar shi ya sansana. Da an ɗora hannu kada a riƙa ɗagawa ana mayarwa, a zame shi daga kafaɗa zuwa inda za a duba, domin kowace sabuwar taɓawa sabuwar razana ce.

Jerin dubawa ya canza. A fara da kallo daga nesa da ƙirga numfashi, sai sauraron zuciya, sai fata da ciki, sai kunne da baki. Wurin da ke ciwo da ma'aunin zafi na dubura su ne ƙarshe, da man shafawa a kan ma'aunin. Allurar da aka huda murfin kwalba da ita ta dakushe, a canza sabuwa kafin a soka wa dabba: siririya mai lamba 23 ko 25 ga kyanwa da kwikwiyo, mai ɗan kauri lamba 22 ga babban kare.

Dokar tsayawa ita ce ta fi wuyar karɓuwa. Kare ya yi kokawa daƙiƙa uku, a saki, a canza salo. An gwada sau uku bai yiwu ba, a tsaya. Kyanwa daƙiƙa biyu, sau biyu. Daga nan likita ya zaɓa: abin da ya zama dole yau a yi shi da allurar kwantarwa, abin da zai iya jira, kamar yanke farce, a ɗaga zuwa wata rana. Mai dabba ya biya kuɗin mota, yana so a gama yau, wannan gaskiya ne. Amma karen da aka danne yau, gobe mutum huɗu zai bukata, jibi kuma ba za a kawo shi ba sai ya kusa mutuwa. Don a sauƙaƙa, dawowar da muka jawo da kanmu ba a karɓar kuɗin ganin likita a kanta.

Litinin, 4 ga Agusta

Maganin sha na rage tsoro kafin a taho, ga masu alamar ja a kati. Ga kyanwa gabapentin ne, miligiram 50 zuwa 100 gwargwadon girmanta, awa ɗaya da rabi zuwa biyu kafin a sa ta a kwando. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, aka buga a 2017, ya gwada miligiram 100 a kan kyanwoyi 20, ya nuna tsoro ya ragu a hanya da wurin dubawa. A buɗe kafso a gauraya garin da cokali ɗaya na kifi. In aka zuba a cikakken kwano sai ta ci rabi ta bar maganin. Tana iya yin tangaɗi da barci na wasu awoyi, don haka kada a bar ta ta hau katanga ranar. Tsohuwa ko mai ciwon ƙoda a rage mata. Ga kare trazodone ne, likita ke lissafa shi da nauyin jiki bayan ya tambayi sauran magungunan da karen ke sha. Duka biyun a gwada a gida wata rana kafin ranar zuwa, domin jefi-jefi akan sami dabbar da maganin ke tayar wa hankali maimakon ya kwantar.

Acepromazine, wani maganin kwantar da dabba, ba da shi shi kaɗai mun cire shi daga wannan aiki. Yana kashe jiki, tsoron kuma yana nan, har ƙara takan fi damun dabbar.

Gargaɗin da ke manne a bango: kada kowa ya sayo magani a kemis ya ba dabba don ta yi laushi. Farasitamol yana kashe kyanwa. Diazepam na sha yana iya lalata mata hanta.

Litinin, 25 ga Agusta

Damina, kwiyakwiyai masu amai da gudawar jini sun ƙaru, dole a yawaita wanki, wanki kuma yana kawo wari. Bilic, wato ruwan wanki mai kashe ƙwayoyin cuta, mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, kashi ɗaya a ruwa kashi 32, mai 3.5, ɗaya a 20. A fara wanke ƙazanta da sabulu, domin bilic ba ya aiki a kan kashin dabba, a bar shi minti 10, a ɗauraye, a bar fanka ta busar kafin wata dabba ta shigo. Magungunan goge ƙasa masu fenol, waɗanda ke yin fari kamar madara a ruwa, an fitar da su daga ɗakin kyanwa gaba ɗaya: tana takawa, ta lashe ƙafa, hantarta kuma ba ta iya sarrafa su. Turaren wuta da turaren jiki mai ƙarfi su ma an bar su a waje.

Ɓangaren masu dabbobi: an liƙa farashin rigakafi, maganin tsutsa da ganin likita a bakin ƙofa. Kafin a taɓa dabba likita ya faɗi abin da zai yi da kuɗinsa. Mutumin da ke lissafin aljihu a zuci yana matse igiya bai sani ba, karen kuma yana ji a wuyansa. Mai kyanwoyi da yawa a gida a gaya masa ya keɓe wadda ta dawo na wasu awoyi, ya goga mata zanen da sauran ke kwanciya a kai, don warin asibiti yana sa 'yan'uwanta su far mata.

Litinin, 29 ga Satumba

Jiya ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, 28 ga Satumba, an yi rigakafin jama'a a harabar asibiti. Layi ɗaya matsattse shi ke haddasa faɗan karnuka, don haka an ja alama a ƙasa, mita uku tsakanin kare da kare, shiga ta ƙofa ɗaya fita ta wata. Karnukan mafarauta da suka zo a ƙungiya an yi musu a inda suka tsaya, kowanne a hannun ubangidansa, allura ta baya. Masu alamar ja ba a sauke su daga mota ba. Rigakafin yana cikin akwatin sanyi tsakanin 2 da 8 a ma'aunin Salsiyos, ba a barin kwalba ta manne da ƙanƙara. Kwikwiyo daga wata uku, sannan a sabunta duk shekara.

An sake karanta wa kowa dokar cizo da yakushi: a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, a tafi asibitin mutane a ranar, karen kuma a tsare shi a sa masa ido kwana 10.

Litinin, 13 ga Oktoba

An fara ziyarar sabo ranar Asabar da safe: a kawo kwikwiyo ya hau sikeli, ya ci nama, a taɓa kunnensa da ƙafafunsa, ya koma gida ba allura, ba kuɗi. Daga mako 3 zuwa kusan 12 ne kwikwiyo ya fi saurin sabawa da sabon abu, 'yar kyanwa kuwa tun daga mako 2 zuwa 7. Sharaɗi shi ne ya karɓi rigakafin farko, kuma a kan tebur wankakke za a ajiye shi, ba a ƙasan ɗakin jira ba.

Abin da ya rage: takunkuman kanti an yi su ne don wasu irin karnuka, suna zamewa daga dogon siririn hancin karnukanmu na gida. An kai wa mai walda da baduku awo uku, ƙarami, matsakaici da babba, za su haɗa na waya mai laushin fata a kan hanci, a bar sarari a ƙasa yadda baki zai buɗe. Za a gwada na farko a makon gobe. Ƙofar kyanwoyi ta daban tana jiran izinin mai gida kafin magini ya fasa bango.